Hannun Hagu a Aljihu

Tun da aka sallamo mijinta daga asibiti da batiri a ƙirji, Tela ba ta ƙara yin ɗinkin kirki ba. Ƙafa tana kan keke, kunne yana cikin gida. Ko cokali ne ya faɗi sai ta saki yadi ta ruga. Wata mata ta kawo gyaran riga, ta zo karɓa ta tarar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Tela ta ba ta haƙuri ta ce ido ne ya fara tsufa. Ƙarya take yi, idonta ras yake. Tsoro ne kawai ya hana ta sakat.

Likita ya yi musu bayani dalla-dalla, ita ce ma ta riƙe, don shi gogan silin yake kallo. Wata 'yar na'ura ce aka sa masa a ƙarƙashin fata, sama da nonon hagu, ita ke tuna wa zuciya aikinta in ta yi sanyin jiki. Zai ci, zai sha, zai yi yawonsa. Abu biyu ne ban da shi: mayen ƙarfe mai ƙarfi kusa da ƙirji, da kuma wasa da babbar wutar lantarki.

Tela ta ce, "Likita, to ai ka hana shi numfashi ke nan."

Don mijin nan nata, wanda duk layinsu ke kira Mai Eriya, tun da ya ajiye aikin kamfanin waya ba shi da wata sana'a sai wasa da wuta. Ɗakin bayan gida cike yake da rediyoyin da ya harhaɗa da hannunsa, kuma ba na jin labarai ba ne, na hira ne da mutanen da ba ka taɓa gani ba a can wata duniya. Doguwar waya ta tashi daga rufin ɗakin ta je ta kama bishiyar maƙwabta. Rabin kayan daga shara ya tsinto su. In ya ga mataccen talabijin a bakin titi, fuskarsa haske take yi kamar ya ga ɗan'uwansa.

A cikin duk waɗanda yake hira da su, akwai wani tsoho da Tela ke kira Mutumin Tsibiri, don wai a wani tsibiri yake zaune a tsallaken teku. Shekara ta fi talatin suna gaisawa duk safiyar Asabar. Ba su taɓa ganin juna ba, ko hoto. Lambar waya kuwa, a wurinsu abin kunya ne mai rediyo ya nemi lambar ɗan'uwansa, sai ka ce ya yarda eriyarsa ta gaza. Tela ta sha faɗin cewa a duk haukan da Allah ya saukar wa maza, ba ta ga mai tsada kamar wannan ba.

To, ana gobe zai faɗi ciwo, taransfomar amfilifayarsa ta ƙone. Amfilifaya ita ce akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi har ta haye teku. In babu ita, rediyon ji kawai yake yi sosai, amma muryarsa ba ta kai ko'ina. Irin taransfomar kuwa an daɗe da daina sayarwa.

Asabar ɗin da ta biyo bayan sallamarsa, Tela ta kai masa shayi ta same shi zaune ya riƙe makirfo da hannu biyu. Cikin shuuu ɗin rediyo, muryar tsohon tana kiransa, ta kira ta dakata, ta sake kira.

"Ga ni! Ina jin ka!" in ji Mai Eriya, yana ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito. "Ga ni nan!"

Tsohon ya sake kira, kamar ba wanda ya yi magana.

"Baban yara, ka daina ihun nan, zuciyarka."

"Yi shiru mana!"

Haka aka yi Asabar ɗin, haka aka yi ta gaba. A ta ukun ne tsohon ya yi dogon bayani, a hankali, kamar mai magana da kabari. Ya ce 'ya'yansa sun matsa sai ya koma wurinsu a birni, gidan bene ne kuma, ba a yarda a kafa eriya ba. Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. Zai kira kamar kullum, in bai ji amsa ba, to ya san abin da ya faru, Allah ya sa can ta fi nan.

Mai Eriya ya ajiye makirfo. Bai taɓa shayin ba har ya yi sanyi.

Tela ta kira Auta, 'yarsu da ke aiki a wani gari, ta ce ta bincika mutumin nan a wayarta, ai yanzu ba wanda ke ɓuya. Auta ta yi iya yinta ta dawo da cewa ba ta samu komai ba sai wani tsohon akwatin gidan waya da aka rufe tuntuni. Ta ƙara da cewa, "Mama, don Allah ki sa masa ido. Kin san halin Baba."

Ta san halinsa kuwa. Shi ya sa ranar Litinin da hantsi, da ta ji ƙarar kurar mai sayen ƙarafa ta tsaya a ƙofar baya ta daɗe, ta saki keke ta miƙe. Ta zagaya ta tarar an lulluɓe wani abu da tsohon labule a gindin bango. Ta yaye. Akwatin ɗumama abinci ne na lantarki, maikirowef, har guda biyu, ɗaya ya yi tsatsa, ɗaya ƙofarsa na reto.

"Injiniya!" In ta kira shi haka, to ba zaman lafiya. "Ɗumame za ka fara sayarwa?"

Ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce taransfomar da ke cikin irin waɗannan ita ce maganin amfilifayarsa, biyu in aka haɗa sun isa. Masu rediyo ko'ina a duniya haka suke yi. Ciro su kawai zai yi, aikin ɗan lokaci ne.

"Me kuma ke ciki ban da taransfoma?"

Ya ci gaba da sosa ƙeya. Ba ya iya yi mata ƙarya, wannan ne babban rauninsa.

"Na ce me ke ciki?"

"Akwai kafasita. Wani gwangwani ne mai ajiye wuta, ko da an cire abin daga soket, wani lokaci yakan riƙe wadda za ta kashe ƙato." Ya kau da kai. "Akwai kuma mayen ƙarfe guda biyu."

"Tabɗi! Wato abu biyun da likita ya hana, ka je ka sayo su a akwati ɗaya, ka kuma sayo akwatin har biyu. Sannu da ƙoƙari!"

Ranar ta kwashe akwatin kayan aikinsa ta kulle a shagonta. Ƙaramin sukudireban da ke maƙale a aljihun rigarsa kamar biro ne kawai ta kasa ƙwacewa, don da shi yake har barci. Ta ce a kira mai gyaran fanka na bakin titi ya zo ya ciro masa. Mai Eriya ya dube ta kamar ta zage shi.

"Wancan? Da hannu biyu yake aiki."

"To da ƙafa kake so ya yi?"

"Duk wanda ya san babbar wuta, hannun hagu a aljihu yake sa shi. In ta kama ka a hannu biyu, ta ƙirji take bi. Ba zan ɗauki alhakin ɗan mutane a gidana ba."

Ya ci abinci kaɗan, ya sha magani, ya koma ƙofar ɗakin rediyo ya zauna yana kallon wayar da ke lilo a sama. Tela tana kan keke tana hango shi ta taga. A asibiti ma, da tiyo a hanci, bai yi irin wannan zaman ba. Ta fara lissafin da ba ta so: in ta bar shi, wuta ko mayen ƙarfe su kashe mata shi, in ta hana shi, Asabar ta wuce, wani tsoho a tsallaken teku ya yi masa addu'ar matattu yana ji da kunnensa, shi ma wani kisan ne, na sannu-sannu. Kuma ta san da zarar ta fita kasuwa sayen zare, da ƙaramin sukudireban nan zai buɗe akwatunan.

Washegari da safe ta ɗauko allin awo, ta shiga ɗakin rediyo, ta ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango, nesa da tebur. Ta ajiye kujera a bayan layin.

"Zauna nan. Ni zan ciro. Kai baki, ni hannu. In ƙafarka ta tsallake layin nan, wallahi na kira mai ƙarafa ya kwashe har eriyar."

Ya tashi tsaye. "Ke? A'a. Ban yarda ba."

"Ashe abin yana kisa ke nan, tunda ba ka yarda ni in taɓa ba."

Sun yi ta ja har rana ta ɗaga. Daga ƙarshe ya zauna a kujerar, ya ce to, amma sai ta bi dokarsa ɗaya bayan ɗaya. Ta cire awarwaro, ta cire zobe, ta cire sarƙa. Ta sa takalmin roba. Da aka zo kan hannun hagu sai aka ga matsala: ita da ta ɗinka wa rabin unguwa aljihu, kayan jikinta ba su da ko ɗaya. Dole ta sa tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan toka, wadda ta kai mata gwiwa, tana warin dalma da man inji. Ta naɗe hannun dama, ta tura na hagu cikin aljihu.

"Kin yi kyau," in ji shi.

"Rufe mini baki. Wane noti zan fara?"

Kwance noti da hannu ɗaya ba wasa ba ne. Akwatin yana zamewa, tana tare shi da ciki, hannun hagu kuma sai ƙoƙarin fitowa yake don ya taimaka, shi kuwa yana daka mata tsawa daga bayan layi, "Aljihu! Tela, aljihu!" Da murfin ya ɗago, ƙura da busasshen maiƙo da gawar kyankyaso suka tarbe ta. Ga taransfomar can a ƙasa, dunƙulen ƙarfe da jan waya. Kusa da ita wani gwangwani mai sheƙi, mai ƙahoni biyu a kai.

"Shi ne?" ta tambaya.

"Shi ne. Kada ki matsa. Ɗauki sandar nan da ke rataye."

Sanda ce ta roba mai kauri, da ƙugiyar ƙarfe a baki da waya a jiki. Ya sa ta maƙala wayar a jikin akwatin, sa'an nan ya ce ta miƙa hannu ta taɓa ƙahonin da ƙugiyar, ta kau da fuska. Ta waiwaya ta dube shi, ta ga ya riƙe gefen kujera da ƙarfi, yatsun ƙafarsa sun taɓa allin, sai ta ga ai tsoron nasa ma zai iya yi masa illar da take gudu.

"Ja ƙafarka baya. Ka yi numfashi."

"Ke dai taɓa."

Ta yi bisimilla ta taɓa. Shiru. Ba ƙara, ba tartsatsi.

"Shi ke nan? Duk wannan tashin hankalin?"

"Sake taɓawa. Ɗaya ƙahon ma. Yawancinsu babu komai a ciki, wanda ke da shi ne ba ya faɗa maka."

Ta yanke wayoyin da ya nuna mata, ta kwance taransfomar, ta rungumo ta da ƙyar zuwa gefen tebur, sai a nan ya yarda ta fito da hannun hagu. Sauran gangar jikin, wadda mayen ƙarfen ke ciki a wani ƙaramin gida mai fiffike, ya ce kada ta taɓa shi ko kaɗan, ta ɗauke akwatin gaba ɗaya ta kai bayan gida. Ta kai can gindin bango ta dawo da na biyun.

Shi na biyun, mai ƙofar da ke reto, wani ya riga ya yi masa ɓarna kafin ya iso hannunsu. Notinsa biyu ne kacal. Da ta taɓa gwangwaninsa da sandar, sai ji kake ƙas! Wani shuɗin tartsatsi ya tashi. Tela ta yi salati ta ja da baya, Mai Eriya ya miƙe, ta nuna masa kujera da sandar, ya koma ya zauna.

"Kin gani ko?" ya ce a hankali.

"Na gani."

Tana cikin kwance taransfoma ta biyun ne ta lura da wani baƙin zobe mai faɗin tafin hannu, ya manne a jikin akwatin daga ciki, inda maɓarnacin farko ya fasa gidan ya bar shi. Ta matsa hannu kusa, sai allurar da ke soke a bakin hannun rigarta ta ciki ta yi tsalle ta manne masa, tsaf. Ikon Allah! Tela ta yi shekaru tana rarrafe a ƙasan shago tana neman allurai, ƙafarta ta sha suka ba adadi, 'yan mayen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa kuwa ko allura biyu ba sa ɗauka. Wannan in ta ja shi a ƙasa sau ɗaya, ai ya share shagon. Shagon kuma yana can gaban gida, shi ba ya shiga. Murfin akwatin ya kare ta daga idonsa. Ta ɓamɓaro zoben ta zura a aljihun ƙirji, da niyyar tana gamawa ta kai shi shago ta rufe a durowa.

Noti na ƙarshe ya yi tsatsa. Ta matsa, ta ƙara matsawa, ya saki gaba ɗaya, taransfomar ta sulluɓe daga gefen tebur. Ta kai hannu ta tare, bakin kwanon akwatin ya tsaga mata tafi, dunƙulen ƙarfen ya faɗi ƙasa tim, kusa da yatsunta.

"Wayyo!"

Kafin ta rufe baki ya iso. Shi a zatonsa wuta ce ta kama ta. Ya fizge ta daga tebur ya ƙanƙame ta a ƙirjinsa yana kiran ta da sunan da rabonsa da shi tun suna amare.

"Yanka ne kawai," ta ce, tana dariya tana hawaye. "Dubi, ɗan yanka ne. Ka tsallake layi, Injiniya."

"Ki kira mai ƙarafan."

Bai sake ta ba, ita ma ba ta yi gaggawar ƙwacewa ba, don tun da aka yi masa aiki take lallaɓa shi kamar ƙwai, ko jingina da shi ba ta yi. Sai can ya ce, cikin wata irin murya, "Tela, ƙirjina na yi mini wani iri."

Ta ja da baya ta dube shi. Ƙaramin sukudirebansa ya fice daga aljihunsa ya biyo ta, ga shi nan manne a ƙirjin rigar da ke jikinta, yana lilo.

Ba ta san lokacin da ta ture shi ba. Ta tuɓe rigar ta yi wurgi da ita ta taga, da sukudireban da komai. Ta zaunar da shi, ta kama tsintsiyar hannunsa tana laluben jijiya, jininta na ɓata masa hannun riga, ba ta jin komai sai bugun tata zuciyar. Ita da ta kulle kayan aiki, ita da ta ja layi, ita ce ta ɗauko abin da hannunta ta manna masa a kan batirin. Saboda allura.

A motar haya zuwa asibiti ba ta daina kallon ƙirjinsa ba, yana hawa yana sauka. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta ji kamar ta shaƙe shi. Likita ya jona masa wayoyi, ya daɗe yana duba wani allo, Tela tana bin kowane motsin girarsa da ido. Daga baya ya ce na'urar lafiyarta ƙalau, ta koma aikinta tunda aka janye abin, sun yi sa'a ba a daɗe ba, kuma rabin abin da ya ji ma firgita ce. Sa'an nan ya juya ga Mai Eriya ya fara wanke shi tas: tsoho da kai, an gaya maka, ba ka tausayin matar nan da ke fama da kai?

Tela ta buɗe baki, mijin ya taka mata ƙafa. Ya sunkuyar da kai ya shanye faɗan duka, yana cewa, "Gaskiya ne, likita. Ba za a sake ba."

Suna isa gida ta ce an gama. Gobe mai ƙarafa zai zo ya kwashe akwatunan da taransfomomin da mayen ƙarfen tsiya. Ta shirya wa gardama, ta ma tanadi amsoshi. Sai ya ce, "To." Ya shiga ɗakin rediyo, ya ɗauko tsohon labulen nan ya lulluɓe tebur, ya ja ƙofa.

Wannan "to" ɗin ya fi mata tartsatsin ɗazu tsoro. Washegari mai ƙarafa ya zo ya kwashe gangar jikin akwatunan da zoben, amma da ya kai hannu kan taransfomomin, Tela ta ji bakinta ya ce, "Bar waɗannan." Ta kinkime su ɗaya bayan ɗaya da hannunta mai bandeji, ta dire a kan tebur, ta yaye labulen. Ta zare wayar wutar amfilifayar ta naɗe ta sa a durowar kekenta, ta kulle.

"In babu wuta a jiki, haɗa wayoyi ba ya cikin abin da likita ya hana, ko?"

Ya dube ta, ya dubi hannunta. "Ba ya ciki."

"To haɗa. Kunnawa kuma nawa ne."

Sauran kwanakin warin dalma ya dawo gidan. Shi yana haɗa wayoyi, ita tana zaune a bakin ƙofa da ɗinkin hannu tana gadinsa. Ta sa shi ya ƙara wa makirfo da lasifika tsawon waya har su kai bayan layi, ta kuma sake jan allin, ta ƙara kauri. Ranar Juma'a suka gwada, ita a gaban tebur, shi a kujera yana gaya mata allurar mitar da za ta kalla da maɓallin da za ta murɗa. Akwatin ya yi gurnani kamar tsohon firji, bai yi hayaƙi ba. Ko muryar za ta haye teku, wannan ba wanda ya sani.

Safiyar Asabar Tela ta kasa karyawa. Ta sa rigar aikin, ta cire awarwaro, ta tura hannun hagu a aljihu, ta danna makunni. Gurnanin ya tashi. Shuuu ɗin rediyo ya cika ɗakin. Suka jira. Lokacin da tsohon ya saba kira ya yi, ya ɗan gota, ba kowa. Ta saci kallon mijinta, leɓensa na motsi. A ranta tana cewa in 'ya'yan nan sun riga sun sauke eriyar, wallahi ba ta yafe musu ba.

Sai ga muryar, can ƙasa, tana kira a gajiye.

Mai Eriya ya matse makirfo. Wannan karon bai yi ihu ba. Ya faɗi haruffan da masu rediyo suka san shi da su a hankali, ya ce, "Ga ni. Ina jin ka." Fitilar ɗakin ta ɗan dusashe, allurar mita ta tashi. Ya saki maɓalli.

Shuuu. Shuuu.

"Kai!" in ji lasifika, har sai da ta yi karkarwa. "Kai, ɗan banza! Ina ka shiga?" Daga nan sai tari, ko kuka, ba a bambancewa ta rediyo. "Na gaya wa yaran nan! Na ce mutumin nan ba ya mutuwa, taransfomarsa ce ta ƙone. Ita ce ko?"

Tela ta jira ya ba shi labarin asibiti, da batiri, da Asabar ukun da ya yi yana amsawa ba a ji.

"Ita ce," in ji Mai Eriya.

Daga nan suka shiga abin da suka saba. Muryarka tana zuwa da ƙarfi, taka ma haka. An yi ruwa a can? An ɗan yi yayyafi. Tela ta tsaya da yankakken hannu tana sauraron tsofaffi biyu suna hirar yayyafi, a ranar da ba za su sake jin juna ba har abada, ta rasa ko ta yi dariya ko ta jefe su da filaya. Hawaye ne suka riga.

Can tsohon ya tambaya, "A ina ka samu wata? Ai an daina yin su."

"Ta akwatin ɗumama abinci ce, guda biyu. Mai ɗakina ce ta ciro su. Ita ke riƙe da makunni yanzu haka."

Tsohon da ya yi shekara talatin yana rediyo ya san abin da ke hana mutum taɓa makunninsa da kansa. Bai tambaya ba.

"Ta sa hannun hagu a aljihu?"

Mai Eriya ya dube ta. "Ta sa."

"To ka riƙe ta da kyau. Ka gaishe ta." Ya yi sallama irin tasu, ya maimaita sau biyu, muryar ta tafi.

Tela ta kashe makunni, ta zare waya daga soket, ta ɗauki sandar ta taɓa duk inda ya koya mata, ta sake taɓawa. Sai a lokacin ta fito da hannun hagu, ta ga farce ya yi mata shaida a tafi. Mijinta yana zaune a bayan layi da makirfo a cinya, kafaɗunsa na girgiza.

Ta taho har bakin allin ta tsaya. Ta zazzage aljihun ƙirji, ba komai. Ta juyo na dama waje, ta juyo na hagu, ta shafa bakin hannun rigarta ko da allura. Sa'an nan ta tsallaka.